Aron Ido

Motar gwamnati mai lasifika a ka ba baƙuwa ba ce a unguwarmu ta Lamashegu. In ba rigakafi take shela ba, to zaɓe ne, ko kuma a fito a share kwata. Mun saba da ita har ba ma ɗaga kai. Amma shekarar da babanmu ya rasu, bayan Mma ta fita takaba, sai motar ta zo da sabon zance, wai an buɗe ajin karatu na manya, kyauta, kuma tsufa ba ya hana mutum koyo. Da Dagbanci, harshen Dagomba 'yan ƙasa, aka yi shelar, aka maimaita da Turanci, sannan aka ɗan yayyafa Hausa a ƙarshe saboda mu Hausawa 'yan zango. Ina gidan ranar, na ga Mma ta ajiye ludayin koko ta fita har ƙofar gida tana sauraro.

Mma ita ce mahaifiyata. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin layinmu tun kafin a haife ni, kuma ita ce magajiyar matan unguwa, wadda ba a biki ko suna sai an ji ta bakinta. Ba ta taɓa shiga boko ba. Duk tsawon zamansu babanmu ne idonta. Tsohon direban lori ne, ya iya karatunsa daidai gwargwado, shi yake gaya mata abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani da goshin mota da ƙofar ofis. Ita kuwa ba ta taɓa jin ta rasa komai ba sai da ya tafi.

Abin da ya tunzura ta ƙaramin abu ne, amma ya ci mata rai. Tana da ciwon suga, ta je asibiti ita kaɗai a karo na farko, ta ga mata zaune a layi ta bi su ta zauna. Ta kusa cinye safiyar nan a kan benci kafin wata nas ta leƙo, ta dube ta da furfurarta, ta tambaye ta cikin dariya ko cikin wata nawa ne. Ashe layin awon ciki ne, kuma ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro a saman ƙofar. Da ta ba mu labari mu ma dariyar muka yi, ni da ƙanena, har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Ta bari muka gama, sannan ta ce, "Na gaji da aron ido."

Ba ta tafi ajin ita kaɗai ba, don ba halinta ba ne. Gida-gida ta bi tana tattaro mata, masu sayar da dokunu, tuwon masarar nan na ƙunshi, da masu waken suya da matan mahauta. Wadda mijinta ya yi gardama, Mma ta je ta zauna masa a zaure har sai ya gaji ya ce a je. Ta yi musu alkawari da bakinta cewa kafin shekara ta zagayo kowace za ta karanta goshin mota da kanta. Maganar Mma kuwa ba a saba ganin ta faɗi ƙasa ba.

A harabar wata firamare ake ajin, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, bayan la'asar in yara sun tashi. Malaminsu wani magidanci ne ɗan Dagomba, mai haƙuri, wanda ya ɗauki aikin a sa kai bisa alkawarin za a ba shi keke. Littafin da Dagbanci yake, don an ce ba a buga na Hausa ba. Wannan ya ba ni haushi tun a lokacin, har yau kuma yana ba ni. An san hanyar zango in ana son a cika kujeru, amma ba a san harshen da ake mafarki da shi a can ba. Mma ba ta damu ba. Ta ce Dagbancin kasuwa ya ishe ta, ai da shi take rigima da masu kawo mata gero.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da Mma, don a kansa komai ya rataya. Allah ya ba ta kunne. Abin da ya shiga sau ɗaya ya shiga ke nan. Ta san asalin kowane gida a unguwar har kaka da kakanni, ta san waƙoƙin biki da masu su suka mutu tuntuni. Tana yarinya ta yi makarantar allo, kuma a can abin da ta sani shi ne malam ya biya, ke ki maimaita, yatsanki yana bin layi, har abin ya zauna a ƙirji. A wurinta wannan shi ne karatu, ba ta san wani iri ba. Yawancin matan nan ma haka suka taso.

Shi kuwa ticha, haka suke kiransa, yadda aka koya masa haka ya koyar. Ya karanta layi, su amsa. Ba a jima ba Mma ta karɓe jan baƙin daga bakinsa. Ita take biyawa, mata suna amsawa, suna ɗan rangaji, har da karin murya irin na allo. Kowane shafi da hotonsa: mace tana rufe randa, mutum kwance cikin gidan sauro, wata tana tsintar kaɗanya. Mma na ganin hoto sai layukan su zubo daga bakinta, yatsanta yana tafiya a kan takarda, yana tsayawa daidai inda layi ya ƙare. Ticha sai murna. Ya ce bai taɓa ganin tsohuwa mai kai irin nata ba.

Ni a lokacin ina aure a unguwar Kanvili, ranar Juma'a nake zuwa gida. Da na sauka daga babur kafin in cire mayafi za ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin filo ta ce in zauna in ji. Ni Turanci na yi a makaranta, rubutun Dagbanci da baƙaƙensa masu ƙugiya da wutsiya ba na gane shi sosai. Na ga yatsa yana bin layi, na ji murya ba gargada, na yarda. Na yi alfahari da ita ƙwarai. Fuskarta a watannin nan ta dawo irin ta kafin rasuwar babanmu, har ta koma sa kwalli.

Da aka doshi ƙarshen zangon karatun sai aka ce manya za su zo daga ofishin yanki su ga yadda shirin ke tafiya. Aka kafa rumfa, aka jero kujerun roba, aka kira makaɗa, aka kwaso yaran firamare aka zaunar da su a gefe don wurin ya cika. Matan suka yi anko. Ticha ya zo gidanmu da kansa tun ana saura kwanaki, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Mma, kai ne namba wan. Kai zai karanta gaban baƙi, ba wani."

An yi jawabai masu tsawo, kamar kullum, rana tana cin mutanen da rumfa ba ta kai kansu ba. Sannan aka kira Mma. Ta miƙe da littafinta a hannu, wanda bangonsa ya yi laushi don jimƙa. A nan ne babbar baƙuwar, wata mata mai fara'a da gilashi, ta yi abin da a ganinta karramawa ne. Ta buɗe kwali ta ciro sabon littafi, ta ce an sake bugawa, an gyara darussan, kuma tana so wannan uwa ta zama ta farko da za ta karanta shi a duk unguwar. Ta karɓi tsohon daga hannun Mma ta miƙa mata sabon. Aka yi tafi.

Mma ta buɗe shafin farko. Akwai hoton mace da randa a nan ma, sai dai darasin wani ne daban. Ta gyara tsayuwa, ta ɗora yatsa, ta fara. Muryarta ta fita tas, matan bayanta suka amsa kamar yadda suka saba. Ni ina zaune ina murmushi, ban san komai ba, sai da na ga baƙin suna bin nasu kofen da ido suna duban juna. Na ga ticha ya sunkuyar da kai yana share wuya da hankici. Sai yaran firamare, waɗanda aka rarraba wa littafin su riƙe don a ɗauki hoto, suka fara ƙus-ƙus, daga nan dariya ta ƙwace musu. Mma ba ta tsaya ba. Ta ɗauka surutun yara ne kawai. Ta kai darasin har ƙarshe, yatsanta ya ƙare layukan shafin tun bakinta bai gama ba, sai ta ɗan yi turus, ta mayar da yatsan sama ta ƙarasa.

Baƙuwar nan ta tafa mata, ta rungume ta, ta ce an gode. Ba ta ce komai ba game da abin da ya faru. Na san don kirki ta yi, amma da ta yi magana da ya fi sauƙi, domin kafin a gama naɗe rumfa labarin ya riga mu isa bakin titi.

A ƙafa muka koma gida ni da ita. Da muka wuce wurin masu faci ta juyo gare ni. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke wannan. Abin da na faɗi, ba shi ne cikin bukun ba?"

Na ce ba shi ba ne, Mma.

"Ko kalma ɗaya?"

Na ce ban sani ba, wataƙila akwai randa a ciki.

Ta ci gaba da tafiya. Can ta ce, ba da ni take ba sosai, "To me na yi ta yi duk wannan lokaci?" Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a kan hanyar nan ba. Ba yaudarar kowa ta yi ba. Ita da kanta ta yarda ta iya, ta kwana ta tashi da wannan farin ciki wata da watanni, kuma a gaban duk unguwa aka karɓe shi daga hannunta tare da tsohon littafin.

Ajin bai daɗe ba bayan nan. Mazan da dā ma ba da son ransu suka bari ba suka samu abin faɗa. Matan da ta jawo suka gwada kansu a goshin mota suka ga babu, wasu suka riƙe ta a zuci kamar ita ta cuce su. Samarin bakin layi suka laƙaba mata Hajiya Farfesa, in sun zo sayen koko sai su miƙa mata takardar ƙunshin ƙosai su ce ta karanta musu labarai. Ticha ya yi ƙoƙarin sake farawa daga baƙaƙe, amma mata uku ko huɗu suka rage, keken da aka yi masa alkawari bai zo ba, daga baya ya samu aiki a Gurugu ya tafi. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Motar lasifika ta ci gaba da wucewa da wasu shelolin, ba wanda ya dawo ya tambayi abin da ya samu matan dalbejiya.

Mma ta daina zuwa taron mata, ta bar wa wata 'yar ƙanwarta teburin koko. Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Sai wata Juma'a na tarar ta wanke dandamalin tsakar gida, ta ajiye gawayi a gefe. Ta ce za mu fara daga farko, ni zan koya mata, da Hausa, amma da sharaɗi. Sharaɗin shi ne in rufe bakina.

"Kunnena ɓarawo ne," in ji ta. "In ya ji, ya sace, ido bai samu komai ba. Ki rubuta ki yi shiru. Kuma abin da kika rubuta yau kar ki sake rubuta shi gobe."

Haka muka yi. Na koya mata sautin kowane baƙi, wannan dole sai da baki, daga nan kuma sai shiru. In rubuta kalma a ƙasa, ta tsuguna a kanta tana haɗawa, ni ina cije leɓe. Ban san shiru yana da wuya haka ba. Ni mai saurin baki ce, gadonta na yi, sau da yawa kalmar takan kuɓuce mini don na gaji da ganin tana wahala, ita kuma sai ta watsa ruwa a kan rubutun ta ce na ɓata, a sake wani. Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Har jerin da nake bi in rubuta baƙaƙen sai da ta hana, don ta ce ta fara haddace wane ke bin wane. Abin da aka yaba mata da shi duk rayuwarta shi ta koma tana yaƙi da shi a kan dandamali, ga gwiwa tana ciwo.

Ta yi ta samun ci gaba, amma a hankali ƙwarai. Ta gane baƙaƙe, ta fara haɗa biyu-biyu. Sai dai duk kalmar da ta karanta a gida ba ta yarda ta ƙirga ta ba. Ta ce ta san ni, ta san irin kalmomin da zan zaɓa, daga ganin baƙin farko take cankar sauran, wannan kuwa ba karatu ba ne. Abin da take so shi ne wata rana ta karanta abin da ba ni na rubuta ba, wanda ba wanda ya taɓa faɗa mata, a waje, ita kaɗai. Na ce to mu fita titi mana, ga alluna nan birjik. Ta ce ba yanzu ba, sai ta ƙware, ba za ta tsaya a bakin titi tana ba-ba-ba samarin nan suna kallo ba.

Sugan nan kuwa bai jira ta ba. Ya fara taɓa idanun. Na lura ina ƙara girman baƙaƙen ba tare da mun yi maganar ba, daga tsawon yatsa suka kai tafin hannu, daga dandamali muka koma jikin bango inda rana ke bugawa. Ta san abin da ke faruwa. Wata rana ta ce mini abin ya zama tsere, ta yi 'yar dariya, ta ce in rubuta wani.

Cikin damina ƙafarta ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, zazzaɓi ya biyo baya. Ranar da jikin ya tsananta, ni da ƙanena muka tare yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, muka sa ta a tsakiya za mu asibiti. Da hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke, gari ya yi haske. Ta daɗe rabonta da fita. Tana jingine a kafaɗata, jikinta zafi rau, ni hankalina yana kan ƙafar kada a bige ta.

A wata mahaɗa fitila ta tsayar da mu, babura suka cika ko'ina. Sai na ji ta ɗago kai daga kafaɗata. Ta ƙanƙance ido tana kallon waje, leɓenta yana motsi. A hankali ta ce, "Sa." Ta sake cewa, "Sa. Ba." Hannunta ya damƙi cinyata. Na gane abin da take yi, na kama bakina kamar yadda ta koya mini, ko juyawa ban yi ba in ga allon da take kallo, don kada fuskata ta ba ta amsa. Ta ja numfashi za ta kama gaɓa ta uku.

Fitila ta ba da hannu. Na bayanmu suka hau hon, direban ya ja.

"Ku tsaya," ta ce. "Ban gama ba."

Na ce wa direban ya tsaya, ya ce ba wurin tsayawa a nan, 'yan sanda na gaba. Ƙanena, wanda tsoro ya cika shi tun safe, ya ce Mma ki yi haƙuri, lafiyarki ta fi muhimmanci, in mun dawo sai mu tsaya ki karanta har ki gaji. Ta juya tana neman allon ta bayan keken, amma ledar da aka rufe bayan da ita ta yi dishi-dishi. Ta mayar da kanta kafaɗata. Ta ce, "Rubutun babba ne paa, ƙato. Ina ganinsa sarai. Saura kaɗan." Can kuma ta ce, "To, in mun dawo."

A asibiti ta tambaye ni sau ɗaya ko na ga allon. Na ce ban gani ba. Ta ce madalla, kada in je in duba, kada kuma in bar kowa ya gaya mata, nata ne. Na yi mata alkawari.

Bayan an share makokinta na je mahaɗar. Na tsaya a gefen titi ina bin allunan ɗaya bayan ɗaya, na shaguna da na makarantu da na masu maganin gargajiya, wasu a kan wasu, wasu an liƙa sabo a kan tsoho. Na samu fiye da ɗaya da zai iya zama shi, ban san wanne ba ne, kuma babu wanda zan tambaya. Ta wannan hanyar aka dawo da ita gida, a bayan motar masallaci, an rufe ta har fuska. Ƙanena da ke tare da ita ya ce fitilar ta tsayar da su a wurin, sun daɗe kafin ta sake su.